Zuma a Kasuwa: Zaɓen Kwalba da Takardar Shaida

Mai kiwon ƙudan zuma yakan shafe watanni yana wahala kafin ya ga amfanin aikinsa. Shi ne zai nemi amya, ya turara ta, ya ɗaura ta a kan ɗorawa ko kaɗanya, ya yi ta kewayawa yana tsare ta daga gobarar daji da cinnaku da ɓarayi. Ranar ɗiba kuma ya sha hayaƙi, ya sha harbi. Abin takaici shi ne, bayan duk wannan, mutane da yawa sai su ɗura zumar a tsohuwar gorar ruwa da aka tsinto a tasha, su toshe bakinta da leda ko totuwar masara, su jera a bakin titi rana tana dukanta. Wahalar shekara guda takan lalace a wannan yini ɗaya na ɗuri.

A ƙauye, mai saye ya san mai zuma, ya san gidansu, yana iya tsoma yatsa ya ɗanɗana kafin ya biya. Amma zumar da aka ɗebo a tsaunin Mambila ko a dazukan kudancin Kaduna, yau tana kaiwa kantunan Legas da Fatakwal da Abuja da Kano, wurin mutanen da ba su taɓa ganin mai ita ba, kuma ba za a buɗe musu su ɗanɗana ba. Galibinsu sun taɓa sayen narkakken sukari da sunan zuma, saboda haka da zargi suke zuwa. Kwalba da takardar da ke manne a jikinta su kaɗai ne shaidun mai zuma a gaban irin wannan mai saye. Wannan darasi yana bayani ne a kan yadda ƙaramin mai kiwo zai zaɓe su.

Halin Zuma

Kafin a zaɓi mazubi, wajibi ne a san halin abin da za a zuba. Zuma nunanna, watau wadda ƙudan suka riga suka rufe ramukan saƙarta da kaki, ruwan da ke cikinta yakan tsaya wajen kashi 17 zuwa 18 cikin ɗari. Ƙarancin ruwan nan shi ne yake hana ta lalacewa. Hukumar Codex, wadda Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa a 1963, ta fitar da ƙa'idar zuma a 1981, kuma ƙa'idar ta ce kada ruwan zuma ya wuce kashi 20 cikin ɗari.

To, amma zuma tana da wani hali: tana janyo danshi daga iska. Muddin danshin iska ya haura wajen kashi 60 cikin ɗari, zumar da aka bari a buɗe za ta riƙa shan ruwa ta samanta. Da hunturu a Arewa wannan ba ya da wani tasiri, domin iska a bushe take. Da damina kuwa, musamman a Kudu da bakin teku, danshi yakan zarce kashi 80 cikin ɗari. Idan ruwa ya yi yawa, ƙwayoyin yis da ke cikin zumar tun asali sai su farka su fara cin sukarinta. Daga nan sai kumfa, sai tsami, sai wari irin na ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, wani lokaci har murfi ya kumbura zuma ta malalo. Zumar da ta bar Gembu lafiya lau tana iya yin tsami a Legas, ba don an yi mata algus ba, sai don murfinta ba ya kamawa.

Har wa yau zuma tana da ɗan tsami na halitta wanda zaƙinta yake ɓoyewa, kuma wannan tsami yana cin ƙarfe. Tana kuma ɗaukar warin duk abin da ta zauna a ciki. Zafi da hasken rana suna duhunta launinta, su rage mata ƙamshi.

Mazubin da Ba a Yarda da Shi Ba

Na farko, kuma mafi hatsari, shi ne jarka ko gorar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi, ko na kashe ciyawa ko na kashe ƙwari. Waɗannan jarkoki suna da ƙwari, murfinsu yana kamawa sosai, kuma ga su nan birjik a gonaki, shi ya sa suke jan hankalin mutane. Robarsu takan tsotse guba, kuma babu yawan wanki da sabulu ko toka da zai tabbatar da cewa ta fita. Wanda ya zuba zuma a irin wannan mazubi yana wasa da rayukan iyalin wani, da nasa iyalin ma. Hukuncinta ɗaya ne: a ɗauraye ta, a huda ta yadda ba za ta sake ɗaukar kome ba, a kawar da ita yadda malamin gona ya nuna.

Haka nan jarkar fetur da ta kananzir da ta baƙin mai. Jarkar manja ko ta man gyaɗa ba guba ba ce, amma warinta zai shiga zumar, kuma ɗan man da ya saura zai taso sama ya yi maiƙo. Garwa da bokitin kwano da tukunyar tagulla da gwangwanin da ya fara tsatsa duk ba su dace ba, domin zuma za ta ci ƙarfen, ta yi baƙi, ta ɗauki ɗanɗanonsa. Ƙarfe ɗaya da aka amince da shi shi ne irin wanda ba ya tsatsa, wanda ake ƙera kayan sarrafa abinci da shi. Tulu da gorar duma sun yi wa kakanni aiki, kuma suna iya ci gaba da aiki a cikin gida, sai dai ba sa rufuwa ruf, ba kuma sa jure tafiyar mota.

Sai tsofaffin kwalaben giya, waɗanda aka saba ganin zuma a cikinsu a wasu kasuwanni. Ko an wanke su tas, siffar kwalbar kaɗai ta isa ta kori masu saye da yawa, Musulmi da Kirista.

Gilashi ko Roba

Kwalbar gilashi ita ce gaba. Ba ta ɗaukar wari, ba ta ba da wari, iska ba ta ratsa ta, kuma mai saye yana ganin launin zumar da tsabtarta. Aibinta nauyi da fashewa da tsada. Mai zumar da kasuwarsa take kusa, ko wanda yake kai wa kantuna da asibitoci da otal-otal a birni, gilashi ya fi masa. Wanda kayansa za su kwana biyu a bayan babbar mota a kan hanya mai gargada, ya fi kyau ya duba roba.

Ba kowace roba ce ta abinci ba. A gindin kowace gora ta kirki akwai 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a tsakiyarta. Lamba 1 ita ce roba mai haske garau irin ta gorar ruwan sha. Lamba 2 ita ce mai kauri irin ta jarka. Lamba 5 ita ce ake yawan yin murafe da bokitan abinci da ita. Waɗannan uku su ne aka saba zuba abinci a cikinsu, da sharaɗin sababbi ne kuma an yi su domin abinci. Don ajiya mai yawa kafin ɗuri, farin bokiti sabo mai murfi mai kamawa ya fi jarka, domin ana iya wanke cikinsa a gani da ido. Roba mai lamba 1 ba ta son zafi. Ruwan zafi yakan lanƙwasa ta tun kafin ya tafasa.

Batun faɗin baki yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Zuma ta gaskiya tana iya daskarewa, ta yi tsaki-tsaki ko ta yi kauri kamar man shanu. Wannan halin sukarin da ke cikinta ne, kuma ya fi saurin faruwa idan sanyi ya kai wajen digiri 14, kamar yadda yake yi a Jos da Mambila da hunturu. Zumar wasu furanni tana daskarewa cikin makonni, ta wasu kuma sai ta shekara a narke. Idan ta daskare a kwalba mai ƙaramin wuya, mai saye ba shi da hanyar fito da ita, sai ya yi fushi, ya ce an cuce shi da sukari. Idan kuwa kwalbar mai faɗin baki ce, cokali zai shiga, kuma ana iya tsoma ta a ruwa mai ɗumi wanda hannu yake jurewa har ta narke. Kwalba mai faɗin baki ta fi sauƙin cikawa, ta fi sauƙin wankewa. Gora mai matsatstsen baki da ake matsawa tana da kyau ga zumar da za a shanye da wuri kawai.

Murfi kuwa, ko kwalba ta kai kowace kyau, shi ne mai tsaron ƙofa. A nemi mai murɗawa, mai shimfiɗa a cikinsa wadda take danne bakin kwalba. Idan na ƙarfe ne, a tabbata cikinsa a shafe yake, babu tsatsa ko ƙwarzane. Gwajinsa mai sauƙi ne: a cika kwalba ɗaya da ruwa, a rufe, a kifa ta a kan farar takarda a bar ta ta kwana. In an wayi gari takarda ta jiƙe, inda ruwa ya fita nan danshi zai shiga, nan kuma tururuwa za ta bi. Ana iya sake amfani da kwalbar gilashi da ta taɓa ɗaukar abinci in an wanke ta sosai, amma murfi lalle ya zama sabo. A ƙarshe a ɗora hatimi, ko zoben ledar da zafi yake sa ta kama murfi, ko siririyar takarda da aka manna ta haye murfin ta sauko jikin kwalba. Hatimi yana kare mai zuma daga ɗan tsakiyar da zai buɗe a hanya ya rage, ya cike da ruwan sukari, ya sayar da sunan wani.

Awo da Girman Kwalba

A nan ne ƙananan masu kiwo suka fi yin asara ba su sani ba. Zuma ta fi ruwa nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, amma lita ɗaya ta zuma ta kai kilo 1.4. Ma'ana, gorar ruwa ta rabin lita tana ɗaukar wajen giram 700 na zuma. Wanda ya cika ta ya sayar a kan kuɗin rabin kilo ya yi kyautar giram 200 a kowace gora, kuma a gora 7 ya yi kyautar lita guda cur. Wanda kuma ya sayi kwalbar da aka ce masa ta giram 500 ce, ya rubuta mililita 500 a takardarsa, ya yi ƙarya ko da bai yi niyya ba, domin giram 500 na zuma mililita 350 ne ko kusa da haka.

Saboda haka a sayar da zuma da nauyi, da giram da kilo, irin awon da dokar awo da ma'auni ta 1974 ta tsayar a ƙasar nan. Kwalbar mililita 180 za ta ɗauki giram 250. Ta mililita 350 zuwa 370 za ta ɗauki giram 500. Kilo ɗaya yana bukatar mililita 700 da 'yan kai. Jarka mai lita 20 tana ɗauke da wajen kilo 28, watau kwalba 56 ta rabin kilo a lissafi, ko da yake abin da yake maƙalewa a jikin bokiti da kumfar da ake kwashewa sukan ci kwalba ɗaya ko biyu. Da wannan lissafi mai zuma zai san yawan kwalaben da zai saya tun kafin ya je kasuwa.

Sikeli ƙarami na lantarki, irin na masu sayar da kayan miya a kanti, ya wadatar. A ɗora kwalba wofi, a mayar da sikelin sifiri, sa'an nan a zuba. Nauyin da za a rubuta na zuma ne zalla, ban da kwalba da murfi.

Wane girma ya fi? Wanda bai san mai zuma ba, ba zai fara da kilo guda ba. Ƙaramar kwalba ita ce ta gwaji, ita talaka yake iya saya, ita matafiyi yake sa wa a jaka ya kai tsaraba. Amma kuɗin kwalba da murfi da takarda kusan ɗaya ne ko ƙarama ko babba, don haka ƙaramar ta fi cin kuɗi a kan kowane giram, kuma wajibi ne a sa wannan a cikin farashi. Ga mai amya 10 ko 20, girma iri biyu sun isa, giram 250 da giram 500. Tara iri-iri ɓarnar jari ce.

Wanki da Ɗuri

Ko sabuwar kwalba sai an wanke ta da ruwa mai tsabta da sabulu marar ƙamshi, a ɗauraye, a kifa ta a kan raga ta bushe ƙarƙaf. Kada a goge cikinta da tsumma. Ɗigon ruwa da ya saura a gindi yana iya zama mafarin tsami.

Zumar kanta a tace ta daga rufaffiyar saƙa, a ware saƙar da ke da 'ya'ya ko garin fure, kuma kada a ɗora ta a wuta don a raba ta da kaki, domin wuta tana ƙona ta. Bayan tacewa da ƙyalle mai laushi, a bar ta a rufaffen bokiti kwana 2 ko 3, kumfa da ɓurɓushin kaki su taso a kwashe. A yi ɗuri a ɗaki mai tsabta, ƙofa da taga a rufe, in ba haka ba ƙudan unguwa duka za su halarta. A zuba a hankali ta gefen kwalba don kada iska ta shiga, a cika zuwa wuya, a goge baki, a rufe nan take.

Abin da Takarda Za Ta Faɗa

Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, watau NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ce take lura da abincin da aka ƙunshe domin sayarwa, kuma zumar kwalba tana ciki. Ƙa'idojinta suna bukatar takarda ta nuna sunan abin da ke ciki, da nauyinsa zalla, da suna da adireshin wanda ya ɗura, da lambar rukunin ɗuri, da kwanan wata, da yadda za a ajiye, da lambar rajistar hukumar. Bayanin dole ya kasance da Turanci, amma an yarda a ƙara wani harshe. Mai zuma yana da damar ya sa Hausa a gefe, da boko ko da ajami, kuma a kasuwannin Arewa da unguwannin Hausawa na Kudu wannan ƙari yana da amfani ƙwarai.

Lambar rajista ba a aronta, ba a ƙirƙirarta. Buga lambar bogi ko ta wani laifi ne da yake kai mutum gaban shari'a, ya kuma jawo a kwashe kayansa. Wanda bai samu tasa ba tukuna, ya je ofishin hukumar da ke jiharsa ya nemi bayani da kansa, kada ya bi ta hannun 'yan kamasho. Yin rajista yana bukatar sunan kasuwanci da wurin ɗuri da za a duba, kuma wannan yana yi wa mutum ɗaya nauyi. Ƙungiyar gama kai ita ce mafita: wurin ɗuri ɗaya, suna ɗaya, sikeli ɗaya, a sayi kwalabe kwali-kwali a farashin sari, a kuma haɗa kuɗi a sayi 'yar na'urar auna ruwan zuma, wadda ɗigo ɗaya ya ishe ta.

Kalmar zuma tana da ma'ana a ƙa'ida. Ba a kiran abu zuma idan an ƙara masa wani abu, ko sukari ko ruwa ko ɗanɗano. Wanda ya haɗa da citta ko tafarnuwa, ya faɗa a sunan kayan. Ƙa'idar Codex ta kuma yarda a ambaci sunan wuri ne kawai idan a can aka samo zumar duka, a ambaci sunan fure idan yawancinta daga gare shi take. Saboda haka wanda ya sayo zuma daga kasuwanni uku ya gauraya, ba shi da ikon rubuta zumar Mambila. Wanda amyoyinsa suke cikin dajin ɗorawa da kaɗanya da mangwaro, ya rubuta zumar daji ya ambaci ƙaramar hukumarsa. Wannan gaskiya ce, kuma masu saye suna son sanin inda abu ya fito.

Akwai kuma jarabar lissafa cututtuka. An sha ganin kwalbar da aka rubuta mata cewa tana maganin ciwon sukari da hawan jini da gyambon ciki da rashin haihuwa. Darajar zuma sananniya ce a addini da al'ada, ba ta bukatar wannan. A doka, abinci daban magani daban, kuma ba a yarda takardar abinci ta yi da'awar warkar da cuta ba. Mai ciwon sukarin da ya karanta irin wannan rubutu ya ajiye maganinsa ya kama shan zuma, alhakinsa yana wuyan wanda ya buga takardar.

Layi biyu kuma sun cancanci wuri a kowace takarda. Na farko: kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba. Zuma, kome kyawunta, tana iya ɗauke da ƙwayar wata cuta wadda hanjin babba yake shawo kanta, amma a hanjin jariri takan tsiro ta fitar da dafin da ke saki jiki har ya hana numfashi. Tun da akwai gidajen da suke lasa wa sabon haihuwa zuma, wannan gargaɗi yana iya ceton rai. Na biyu: zuma tana iya daskarewa, a tsoma kwalbar a ruwa mai ɗumi. Wannan layi yana kashe gardama tun kafin ta tashi, ya kuma fi gwaje-gwajen bakin kasuwa amfani, irin su kyasta ashana da ɗiga zuma a ruwa, waɗanda ba sa rarrabe zuma da gwanin algus.

Game da fasalin takarda, kada ta rufe kwalba duka. Launin zumar shi ne tallarta, a bar shi a fili. Launi biyu da rubutu manya da ake karantawa daga nesa sun fi hotuna barkatai. A zaɓi takarda da tawadar da ba sa jiƙewa, domin kwalbar zuma ba ta rabuwa da danƙo, kuma za a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Tun da kwanan wata da lambar rukuni suna canzawa, a bar musu gurbi a cike da hatimin roba ko alƙalami marar gogewa, don kada a sake buga takarda kowace ɗiba. A manna takarda bayan an rufe kwalba an goge ta ta bushe, dukansu a tsayi ɗaya.

Bayan Ɗuri

Lambar rukuni ba ta da amfani sai da littafi. A rubuta ranar ɗiba, da wurin amyoyin, da kilo nawa aka samu, da kwalba nawa aka cika, da wanda aka kai wa. Daga kowane rukuni a ajiye kwalba ɗaya a rufe a gida. Idan mai kanti ya aiko cewa zuma ta yi kumfa, sai a duba lambar, a ɗauko ta gida a gwada. In ita ma ta yi, laifin daga ɗiba ne ko ɗuri, sai a janye sauran rukunin a canza wa mutane. In tana nan lafiya, sai a bincika hanya da wurin ajiyar mai kanti.

Wajen jigila, kwalabe su tsaya a tsaye cikin kwali mai rabe-rabe, a cusa takarda ko buntun shinkafa a tsakani, a rubuta wa kwalin inda yake sama. Kada a ɗora shi kusa da jarkar mai ko buhun taki, kada kuma a bar shi a bayan mota rana tana duka. Mai sayarwa a bakin hanya ya fitar da kwalba biyu ko uku don gani, a ƙarƙashin rumfa, sauran su zauna a kwali cikin inuwa.